Adireshin da na ɓoye wa maigidana

A shekarun da abin nan ya faru ni saurayi ne mai ji da kansa a garin Birnin Gwari. Ina koyon aikin haɗa intanet a wurin wani dattijo, amma in ka gan ni a kan babur, jakar laftof a baya, tabarau a goshi, sai ka rantse ni na ƙirƙiro sana'ar. Abokaina suka laƙaba mini Injiniya, da tsokana suka fara, ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu. Edita, na daɗe ina so in rubuto muku wannan labari, in fara in goge, in fara in goge, domin duk inda na juya shi ban ga wurin da na fita da mutuncina ba. Ba zan kama sunan kowa ba. Waɗanda suka san ni za su gane ni, su yi haƙuri da abin da za su ji.

Bari in ɗan yi bayanin aikin don kada mai karatu ya ɓata. Yawancin ƙauyukanmu na cikin daji ba su da sabis ɗin waya. Maigidana, wanda muke kira Oga, shi ya fara kai wa wasu daga cikinsu intanet ta hanyar abin da muke kira rediyo. Ba rediyon jin labarai ba, wani farin abu ne mai kama da faranti, a ɗaure shi a ƙolin ƙarfe ya fuskanci ɗan'uwansa da ke can nesa, su riƙa miƙa wa juna saƙo ta iska. Layin da Oga ya fi ji da shi shi ne wanda ya tafi wani ɗan asibiti a wani ƙauye da ke yankin Randagi. Wata mata ce ke riƙe da asibitin, 'yar kudancin Kaduna, kowa Sista yake ce mata, ta daɗe a wurin har Hausarta ta fi tawa daɗi. Da layin nan take kiran likita in ciwo ya fi ƙarfinta, da shi take neman mota in haihuwa ta zo da gardama.

Kowace rediyo tana da adireshinta, adireshin IP, wasu lambobi ne kashi huɗu da ɗigo a tsakaninsu. In ka rubuta su a laftof sai shafin rediyon ya buɗe, ka gyara abin da za ka gyara. In lafiya ake, daga babbar na'urar shagonmu take karɓar adireshin, har muna iya shiga cikinta muna zaune a gari. In kuwa layi ya yanke, sai ta koma kan wani adireshi da ke ajiye a cikinta tun daga kamfani. Shi muke kira adireshin ko-ta-kwana. Ka je gindin ƙarfen, ka soka kebul a akwatin wutar da ke ƙasa, ka rubuta lambobin, ka shiga, ba sai ka hau sama ba. Oga mutum ne mai sauƙin kai, yana haƙuri da makararmu da ɓarnar kaya, amma kan wannan adireshi ba ya wasa. Dokarsa ita ce a bar shi yadda kamfani ya sa shi, kalmar sirri kuma a ba mai wurin. Yakan ce a irin hanyoyinmu wanda ya kafa rediyo ba shi da tabbacin zai sake komawa, don haka duk wanda Allah ya kai wurin da laftof ya kamata ya iya shiga. Na taɓa gani da idona ya sallami wani da ya riga ni zuwa shagon don ya kulle wa mai gidan kallo na'urarsa. Ko murya bai ɗaga ba, cewa kawai ya yi ya kwashe kayansa.

To ni me ya kai ni? Ƙyashi ne, ba wani abu ba. Wata rana na je ƙauyen duba batiran sola, sai Sista ta tare ni da labarin ƙanenta da ke karatu a Kaduna. Wai ya zo hutu ya tarar layin yana jan ƙafa, ya shiga ta adireshin ko-ta-kwana, ya taɓa nan ya taɓa can, kafin shayinsa ya huce komai ya miƙe. Ta ƙara da cewa ashe dai ba dole sai an zauna jiran Injiniya ba. Da wasa ta faɗa, wallahi na san da wasa ne, haka muke yi da ita kullum. Amma a gaban mutane ta faɗa, aka yi dariya, ni ma na taya su, amma maganar ta tsaya mini a rai. Mu da muka taso a bakin gareji da shagunan gyara mun saba ganin yadda wasu suke juya wa mai kaya baya in an zo kan asirin aikin, na ce ai ni ma lokaci ya yi da zan riƙe nawa. Kafin in bar garin na zauna a gindin ƙarfen kamar mai duba batir, na canza adireshin zuwa wasu lambobi da na ƙaga daga kaina. Ban tsaya nan ba, na kashe abin da ke sa rediyon ta amsa in an neme ta da manhajar bincike, na kuma kashe maɓallin riset, wanda in an danna shi take komawa yadda ta zo daga kamfani. Na gaya wa kaina ai don tsaro na yi. Na hau babur ina fito, ina jin babu mai wayona a duk faɗin ƙaramar hukumar.

Watanni suka wuce ba abin da ya faru. A tsakanin nan hanya ta ƙara lalacewa, ba lalacewar ramuka ba, ta mutanen daji, mai fita ƙauye sai ya nemi gafarar iyalinsa kafin ya hau babur. Shi kuma Oga ya fara maganar zai yaye ni bayan kaka, ya bar mini layukan ƙauye tunda gwiwoyinsa sun fara gardama. Ya gaya wa mahaifina, ya gaya wa limamin unguwarmu, ni kuma na gaya wa duk wanda ya tsaya ya saurare ni. Ana tsakiyar damina Sista ta aiko cewa layin yana yankewa yana dawowa. Oga ya tafi ta'aziyya, ni ne a shago da abokaina, muna cin gasasshiyar masara muna musun ƙwallo. Na shiga rediyon ƙauyen daga inda nake zaune, hannu ɗaya a kan laftof ɗaya riƙe da masara, na canza abin da zan canza na danna. Shafin ya tsaya cak. Da na duba abin da na rubuta sai na ga na tsallake harafi ɗaya a kalmar da ke haɗa rediyon da 'yar'uwarta. Da hannuna na datse layin, kuma babu gyara sai an je gindin ƙarfen.

Da Oga ya dawo ya ga layin asibiti ya mutu, ya tambaye ni me ya faru. Edita, ƙaryar ko tunaninta ban yi ba, da kanta ta fito. Na ce ina jin tsawa ce, tunda jiya hadari ya haɗu ta wajen. Ya ce to ba komai, in Allah ya kai mu gobe in ɗauki laftof in je in shiga ta ko-ta-kwana in gani. Wannan dama ce in je in gyara ɓarnata ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Amma a makon nan an yi ta ba da labarin tare mutane a hanyar, ni kuwa duk cika bakin nan nawa matsoraci ne na ƙarshe. Sai na dafa goshi na ce tun safe nake jin zazzaɓi-zazzaɓi. Oga ya dube ni ya yi murmushi, ya ce zazzaɓin bana mai wayo ne, ba ya kama mutum sai an ambaci Randagi. Ya ce in je in kwanta, shi zai leƙa. Na ce ya bari mana a kwana biyu hanya ta lafa. Ya ce Sista tana da mata masu tsohon ciki a hannunta, shi ba zai iya barci ba in ya san ba ta da hanyar kiran mota.

Washegari da safe na lallaɓa tashar 'yan acaɓa, na saka rigar sanyi ina tafiya a hankali don zazzaɓin ya yi kama da gaske. Na karɓi jakar Oga ina ɗaure ta a bayan babur da roba. Na ɗauko masa bel ɗin hawa daga shago, wanda muke ɗaurawa a ƙugu mu maƙala a jikin ƙarfe, sai ya ce in mayar, kaya ne kawai, aikin ƙasa zai yi ya juyo, wa zai hau ƙarfe a wannan ruwa. A nan ne, jama'a. In ana maganar wurin da na halaka, a nan ne. Lambobin suna bakina, abin da ya rage kawai in ce masa na canza adireshin, ga sabon. Amma na tuna wanda aka sallama, na tuna yaye, na tuna mahaifina da liman. Zuciyata ta shiga yi mini lissafi: zai je ya gwada ya kasa, ya ce ta ƙone, ya dawo, in hanya ta yi sauƙi in je da sabuwa in musanya, magana ta mutu. Lissafin ya yi mini daɗi, sai dai na manta da halin mutumin da na yi shekaru a ƙarƙashinsa. Ya hau babur, ya ce in je kemis a ba ni magani na gaske, kada in tsaya shan jiƙe-jiƙe. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Na koma shago da bel ɗin a hannuna.

Abin da ya faru a can daga baya na ji shi, a bakin Sista da ɗan acaɓan. Sun isa lafiya da hantsi. Oga ya shimfiɗa buhu a gindin ƙarfen, ya soka kebul, ya rubuta adireshin da ya sani tun kafin in san mene ne laftof. Shafi ya ƙi buɗewa. Ya sake, yana karanta lambobin a fili ɗaya bayan ɗaya yadda dattawa suke yi in suna danna waya. Ya canza kebul, ya buɗe manhajar bincike, ba ta ga komai ba. Ya danna riset ɗin akwatin ƙasa, nan ma shiru. Haka ya yi ta fama har aka yi azahar, ga yayyafi yana sauka yana ɗaukewa. Daga ƙarshe ya ce lallai yaron nan ya yi gaskiya, tsawa ce ta taɓa ta, amma bari ya hau ya danna maɓallin da ke jikinta, wani lokaci na ƙasa yana ƙi na sama ya yi. Sista ta roƙe shi ya bari ƙarfen ya bushe, ya ce mata shi da hawa ƙarfe tun tana firamare. Ɗan acaɓan kuma yana ta cewa in la'asar ta yi shi fa ba zai bi hanyar nan ba. Oga ya tuɓe takalmi ya hau. Ya kai har ƙoli, ya danna maɓallin da na riga na kashe, ya riƙe, ya saki, ya sake dannawa. Da ya ga ba ta motsa ba ya fara saukowa don ya ɗauki sifana ya kwanto ta gaba ɗaya. Bai kai rabi ba ƙafarsa ta zame. A kan simintin da aka kafa ƙarfen ya faɗo.

Babu hanyar kiran kowa, layin da za a nemi mota da shi ne ya mutu. Sista ta yi masa allura, ta ɗaure ƙafar da katako da zane, aka ɗora shi a babur, mutum ɗaya yana tuƙi ɗaya ya rungume shi ta baya. Duk wanda ya san hanyoyin nan da damina, da taɓo da kwazazzabai, ya san abin da nake nufi. Ɗan acaɓan ya ce tun Oga yana salati a fili har ya koma sai leɓɓansa ke motsi. Ni kuwa a lokacin zazzaɓina ya warke sarai, ina bakin shago ina ƙyaƙyata dariya, sai ga maƙwabcinmu mai walda a guje ya ce in rufe shago, an kawo Oga. Ƙugu ya karye, cinya ta karye. A ƙofar ɗakin da aka kwantar da shi na haɗu da matarsa, wadda nake kira Mama, idanunta sun kumbura. Tana ganina ta kama hannuna ta ce ya jikin nawa, na sha magani kuwa, in koma gida in kwanta kada ni ma in faɗi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin in shige, wallahi da na gode mata.

Da ya farfaɗo, maganar farko da ya yi mini ta rediyo ce. Ya ce in ɗauki sabuwa a shago, in ɗauki bel, in je in sauke waccan, matan nan suna jira. Wannan karon ban ce zazzaɓi ba, zama kusa da gadonsa ya fi mini hanyar ban tsoro. Kuma don in faɗi gaskiya duka, har a lokacin niyyata in rufe asiri ce: in hau, in musanya rediyon, in jefa tsohuwar cikin tarkacen shago a matsayin wadda tsawa ta ƙona. Na isa ƙauyen ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tun kafin in sauka daga babur Sista ta fito da gudu ba ko lema, ta ce akwai wata a ciki tun jiya take naƙuda, jini ya fara zuba, in yi wa Allah in yi abin da zan yi ta sami likita da mota. Na ɗaga kai na dubi ƙarfen yana sheƙi da ruwa, na dubi simintin. Musanya rediyo da saita ta aiki ne mai cin lokaci, ga nishin matar ina ji ta taga. Ba zan ce imani ne kaɗai ya motsa ni ba, tsoron hawan ma yana ciki. Na tsuguna na soka kebul, na rubuta lambobina. Shafin ya buɗe nan take. Na mayar da harafin da na tsallake, fitilu suka kama, wayar da ke hannun Sista ta fara ƙara. Duka aikin bai kai a sha kofin ruwa ba.

Nan take Sista ta koma kan aikinta. Ta kira likita, ta kira mai mota, aka fita da matar, kuma cikin ikon Allah ta rayu ita da jaririn. Sai da wuri ya yi shiru ta kira ni baranda. Ta ce ita ba ta san aikinmu ba, amma ranar nan dattijon ya karanta lambobinsa a kunnenta har ta haddace su, kuma tana tsaye a kaina ta ga ba su na rubuta ba. Na fara kame-kame ina kawo maganar tsaro da masu kutse, ta ɗaga mini hannu ta ce kada in yi mata turanci, wa ya sa waɗannan. Na ce ni ne. Ta ce shi ya sani? Na girgiza kai. Sannan ta ce zazzaɓin fa, shi ma na gaske ne? Na kasa ɗaga ido. Can sai ta tambaya a hankali ko saboda maganar ƙanenta ne, wasan nan da ta yi mini. Kafin in amsa ta ɗora hannu biyu a ka ta fashe da kuka, tana cewa da ta sani da ta kama bakinta. Wannan ya ƙona ni ƙwarai, matar da ba ta yi laifin komai ba tana neman ɗaukar rabin kayana. Da ta share hawaye ta ce ita ba za ta kai magana ko'ina ba, amma in ji tsoron Allah, mutumin nan ɗa ya ɗauke ni.

Kada mai karatu ya zaci daga nan na wuce wurinsa na faɗi gaskiya. Ina! Ce masa na yi rediyon ta dawo da kanta bayan na kashe na kunna. Makonni na yi ina jinya, ni ne kai abinci, ni ne juya shi, ni ne zubar da fo. Masu zuwa dubiya suna nuna ni suna cewa irin wannan yaro ake nema a zamanin nan, kowace albarka aka sa mini sai in ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na rame har Mama ta fara cewa ciwon shawara ne ke damuna. Bayan an sallame shi ya koma gida, wata rana da la'asar na same shi shi kaɗai a kan katifa a ɗakin zaure, ƙafar a miƙe. Na durƙusa na ce ina da magana. Na faɗa masa duka, har masarar da ke hannuna, har rigar sanyi. Ban san lokacin da na fara kuka ba, kuka irin na yara, da majina.

Ya saurare ni har na kai ƙarshe. Sannan ya ce in faɗa masa lambobin. Na faɗa. Ya maimaita su a hankali, ya ce to su kuma me suke nufi. Na ce ba sa nufin komai, haka kawai na ƙaga su. Ya ce canza adireshi yarinta ce, kuskuren harafi kuwa shi ma ya yi wanda ya fi shi, tsoron hanya kuma ba wanda ba ya ji. Tambaya ɗaya yake so in amsa masa tsakanina da Allah: da safen nan a tasha, lokacin da ya ce in mayar da bel, lambobin suna kaina ko na manta su? Na san in na ce na manta zai yarda, har ma na ga kamar haka yake so in ce. Na ce suna kaina. Ya lumshe ido, ya juya fuskarsa wajen bango, ya ce in tashi in je in buɗe shago, mutane suna jira.

Bai kore ni ba. Na so a ce ya zage ni, ko ya tara mini jama'a, da na ji sauƙi. Har yau bai gaya wa Mama ba, in ta yi dambu sai ta aiko mini. Bayan wasu kwanaki ya kira ni ya ce ya yafe don Allah, amma in bi duk rediyon da hannuna ya taɓa, ta Kutemeshi, ta Kusasu, duk inda take, in tabbatar adireshinta yana yadda kamfani ya sa shi, in nuna wa mai wurin da idonsa. Na bi su duka, a kan hanyoyin nan da na yi wa ƙaryar zazzaɓi, kuma ba abin da ya same ni. An yi yayen bayan kaka kamar yadda ya yi alkawari, layukan duka suka dawo hannuna har da na cikin gari, domin mai su ba zai sake hawa ƙarfe ba. Ban taɓa jin daɗinsu ba. Muna gaisawa, muna hira, yana ba ni shawara. Sai dai duk lokacin da na ce masa ga abin da ya lalata wata na'ura, yakan ɗan yi jim yana kallona kafin ya gyaɗa kai. Da can ba ya yin haka.

'Yan'uwana masu haɗa intanet, masu sola, masu gyaran waya, ku ji daga bakin wanda ya yi. Kayan da ka kafa wa mutane nasu ne, kai hannu kawai ka sa. Adireshin ko-ta-kwana don ranar da ba ka nan aka yi shi. In akwai dalilin tsaro na gaske da zai sa ka canza shi, ka gaya wa mai wurin, ka gaya wa abokin aikinka tun kafin ka bar gindin ƙarfen. Amma abin da ya fi wannan, in kun yi ɓarna a aiki kuka ga wani zai taka ta, ku faɗa masa a take ko da korarku za a yi. Lambobin da na canza da harafin da na tsallake duk ana gyara su a tsugune. Shirun da na yi a tasha shi ya karya Oga. Na auna kunyar da zan ji da hatsarin da zai shiga, na zaɓi in tsira da fuskata, ga shi kunyar ma ban tsira daga gare ta ba.

Masallaci ɗaya muke salla da shi. Yanzu da sanda yake zuwa, an ajiye masa kujerar roba a ƙarshen sahun farko, in mun yi sujada shi sai dai ya sunkuyar da kai. Rannan bayan an idar wani tsohon abokinsa yana tsokanarsa, wai ko yana kewar hawa ƙarfe. Oga ya yi dariya ya ce ƙarfe kam ya hau rabonsa, abin da kawai yake marmari shi ne ya sake jin goshinsa a ƙasa ko sau ɗaya kafin ya mutu. Bai san ina sahun bayansa ba. Na ɗauki takalmina na fita ban tsaya addu'a ba.